Ba Ya Ji

Sau uku na kai ɗana asibitin Ƙaura a damina guda, kuma duk zuwan nan kunnensa aka yi ta duba. Laifin bakina ne.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Zurmi, shi kuma yana aji biyu a makarantar. Shekararsa bakwai, amma ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba. In ka aike shi sayen gishiri, sai ka tsince shi gindin darbejiya yana bin ƙadangare, ya manta da aiken. A aji yana kan benci, yana ƙarƙashin benci, yana bakin taga. Na dake shi har hannuna ya gaji. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce ya ji nauyina ya isa: ko in kawo takardar likita da ta ce yaron yana da lalura, ko in cire shi. Ubansa kuwa ya riga ya yanke shawara, in aka kore shi zai tura shi Gurbin Ɓore wurin kawunsa ya kama noma. Ni kaɗai ce nake son ya ci gaba da karatu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, an hana mata hawa baburan kabu-kabu. Sai in tsaya a tasha ina jiran motar da za ta ɗauki mata, hannuna ɗaya riƙe da mayafi, ɗaya riƙe da wuyan rigarsa. Kafin mu isa Ƙaura na riga na gaji da ranar.

Likitan saurayi ne ɗan kudu da ya zo bautar ƙasa, yana alfahari da 'yar Hausar da ya tsinta. Ya tambaye ni me ke damun yaro. Ina da Turancina na malaman firamare, amma gajiya ta sa na faɗi abin da kowace uwa ke faɗa.

"Likita, yaron ga ba shi ji."

Ya gyaɗa kai, ya haska masa fitila a kunne, ya rubuta maganin ɗigawa. Na ɗauka haka ake farawa, wa zai koya wa likita aikinsa? Zuwa na biyu aka wanke kunnen, mutum uku suka danne shi.

A bakin ƙofar fita akwai wata dattijuwar nas da aka zaunar da tebur da takardu. Sabuwar jiha ce, ana son a ji ko marasa lafiya sun gamsu da aikin asibiti. Ta tambaye ni, na ce alhamdu lillahi, ta yi alama a takarda. Duk wanda ke gabana haka ya ce, har da wani tsoho da aka sallama ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Mu da ko muna kan gargara in an ce yaya jiki sai mu ce da sauƙi.

Zuwa na uku likita ya tsaya bayan yaron can nesa ya yi raɗa. Yaro ya maimaita kalma bayan kalma, har da karyayyar Hausar. Likita ya yi murna, ya rubuta cewa kunne lafiya lau, ya miƙo mini. Na karanta a baranda. Takardar nan in ta shiga hannun hedimasta, shaida ce cewa iskanci ne kawai ke damunsa.

Da dattijuwar ta ce, "Malama, kin gamsu?" sai na ji bakina ya ƙi. Na zauna a bencinta na ce ban gamsu ba. Ta ajiye biro, ta ce mene ne. Na ba ta labari, yaron yana can yana ƙoƙarin hawa keken marasa lafiya.

"Tsaya," in ji ta. "Wane irin ji kika ce mai? Na kunne ko na magana?"

Na ce na magana. Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta ja mu muka koma ciki. Likitan ya ji kunya, ni ma haka. Ya yi ta tambaya wajen rabin sa'a, yana kallon yaron yana buɗe durowa yana rufewa. Ya taɓa goshinsa ya ce a nan gaban ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai aikin birki, shi ke tsayar da hankali wuri guda, a wasu yaran yana jinkirin ƙwari. Ya ce yakan bi jini. Na tuna ubansa da ba ya iya sauraron labarai a rediyo har ƙarshe. Ya ce magani ba su da shi a nan, sai manyan asibitoci, bulala kuma ba ta ƙara komai. Ya yaga takardar farko ya rubuta wata: a zaunar da shi gaba, a riƙa ba shi aiki guntu-guntu. Layi biyun nan su suka bar shi a makaranta.

A mota na jingina kai da taga, ko magana ba na so. Ya yi ta motsi a cinyata, yana ƙirga buhunan da ke bakin hanya. Can sai ya juyo.

"Inna, ni hwa ina ji."

Na ce na sani, likita ya faɗa.

"A'a. Ran da kika ce ma Gwaggo da ba ki haihe ni ba da kin huta, ina bayan randa. Na jiya."

Kafin in sami abin cewa ya riga ya leƙa taga yana nuna mini wani raƙumi. Na riƙe wuyan rigarsa kamar kullum don kada ya faɗa, har muka shiga Zurmi ban sake shi ba.