Tagogin da Bappa Bai Iya Ji Ba

Manajan asibitinmu ya tsaya gaban ma'aikata ya ce jahilcina ne ya raba Bappa da aikinsa. Ƙarya ya yi, amma ba duka ba, shi ya sa nake rubuto muku.

Lokacin ina aiki a wani asibitin kuɗi a Mayo Gwoi, nan Jalingo. Aji uku na sakandare na tsaya. Taifin na fara koya a shagon kwamfuta, daga nan na lallaɓa na iya haɗa manhaja da kaina. Ni na yi wa asibitin manhajar katin marasa lafiya. Ba kyau gare ta ba, tagogi ne masu ruwan toka a kan sikirin, amma tana aiki. Bappa makaho ne, dattijo, shi ke teburin karɓar baƙi. Akwai wata murya a kwamfutarsa da ke karanta masa duk abin da ke kan sikirin ta abin kunne. Tsohuwa za ta zo daga Sunkani ba kati, ya tambaye ta da yaren Mumuye ko Fulatanci, kafin ta zauna ya nemo lambarta.

Da sabon manaja ya zo, ya ce tagogina kamar na zamanin kakansa, yana son masu sheƙi irin na waya. To, a aikinmu akwai abin da muke ce wa tulkit, wato kayan da ake gina tagogi da maɓallai da su. Wanda na saba da shi na kwamfutar ne da kanta, muryar kwamfutar Bappa ta san kowane maɓalli. Wanda manaja ya gani ya so kuwa zana komai yake kamar hoto. Na karanta cewa muryar ba ta gane shi. Na gaya wa manaja sau ɗaya, a tsaye bakin ƙofa, ya ce in bar wannan zance. Na bari, na gina sabuwar manhaja da wanda yake so. Gaskiya ni ma ina son a ga mai aji uku ya yi abin da masu digiri ke yi.

Bappa ya tare ni wajen shan shayi ya tambaya ko sabuwar za ta yi masa magana. Na ce za ta yi. Ban gwada ba ko sau ɗaya.

Ranar da aka ɗora ta, ya sa abin kunnensa ya yi ta danne-danne, shiru. Layi ya kai waje. Ya kira ni a hankali, ya ce ɗana, kamar na'urata ta lalace. Na ce zan duba. Sati biyu yana zaune wata na yi masa aikin, sannan aka ce ya huta a gida. Ko da ya zo sallama, sai da ya yi mini godiyar ƙoƙarin da nake yi.

Ku masu sana'ar haɗa manhaja, kafin ku zaɓi kayan aiki, ku je ku zauna kusa da wanda zai taɓa shi kullum. Ni na zaɓa don wanda zai kalla daga nesa.

Bayan taron nan da ya ɗora mini laifi gaban ma'aikata, na bi manaja ofishinsa. Na ce masa, Yallaɓai, ni da kai muka kori Bappa. Kai ka ji ka ƙi, ni na sani na yi shiru. Ni gobe zan je gidansa in faɗa masa da bakina. Kai kuma ka ci gaba da kallon tagoginka.