Ranar da Aka Tura Ni Ɗakin Mai Jego da Kyamara

Na daɗe ina jujjuya wannan labari a raina. In rubuta, in goge, in ce kada masu abin su gani su ce na tona musu asiri. Sai da na aika aka nemo min izininsu, suka ce ba komai, na sake aikawa don in tabbatar, sannan na zauna rubutu. Duk da haka ba zan kama sunan kowa ba.

Shekarun baya, lokacin Jigawa tana sabuwa fil, motoci ma ba su gama sauya lambar Kano ba, yayana yana da shagon hoto a Birnin Kudu. Ni kuwa ina gidan mijina da 'ya'ya biyu. Ban taɓa riƙe kyamara ba. In ya zo ya ajiye ta a tabarma, zagaye ta nake yi daga nesa.

Wata safiya ya shigo min a gaggauce. Abokinsa soja ne, matarsa ta haihu a gidan iyayenta a Dingaya, ɗan fari, namiji. An hana shi hutu, kuma za a kwashe su aiki wata ƙasa, ba wanda ya san ranar dawowa. Shi ne ya roƙi wani abokin aikinsa da ya zo gida ya taho masa da hoto guda, uwa da ɗa tare. Mutumin zai koma kafin suna, fim kuma sai an kai Kano ake wankewa.

Na ce, "To Yaya, ka je ka ɗauka mana."

Ya ce, "Na je jiya. Gwaggon mai jegon ta ce namiji ba ya shiga, jariri kuma ba zai leƙo zaure ba sai ranar aski. Ke za ki shiga."

Na ce in na fasa fa? In ta suɓuce ta faɗa kan ɗan mutane fa? Maigidana yana gefe yana dariya, ya ce, "Je ki. Ke da kike komawa sau uku ki duba ko kin rufe tukunya, ai ba abin da zai suɓuce miki."

A mota Yaya ya yi ta karanta min, ina maimaitawa kamar hadda. Kada in kunna fitilar kyamara, firgita jariri take yi. In sa a ɗage labule, hasken ƙofa ya sauka a gefen fuskarsa, kada ni in fuskanci ƙofar. In bari ya sha ya ƙoshi, ya yi gyatsa. In ɗaga hannunsa in saki, in ya faɗi laƙwas to barci ya yi nauyi. Kada in tsaya a kansa, in durƙusa daidai fuskarsa. In riƙe numfashi kafin in danna. Igiyar kyamara kuma kada ta bar wuyana. Ni da na ga igiyar siririya ce, sai na ƙara ɗaure ta da bakin mayafina. Da muka sauka a Gwaram za mu sake mota, wata mata ta tambaye ni ko ciwon wuya nake.

Muka isa da hantsi. Yaya ya zauna a zaure da mazan gidan, ni na shige. Ɗakin ɗumi, an hura wuta, ƙamshin kunun kanwa ya cika shi, mata sun zagaye gado. Ga jaririn nan jajir, gashi kwance luf. Wallahi ina ganinsa tsoron ya ragu, wani daɗi ya kama ni, na ji yau ni ce mai hoto.

Na ce wa mai jego ta ɗauke shi ta matso bakin ƙofa. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Ni? Da shi? A hoto?"

Sai a lokacin na tuna. Ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta rungume shi a ɗauka a ajiye. Ni kaina haka na yi da nawa. Daga ni har Yaya, da duk haddarmu, ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Muka gwada kwantar da shi shi kaɗai a kan zane. Ya buɗe baki ya tsandara, har jijiyar goshinsa ta fito. Gwaggo ta ɗauke shi tana jijjigawa. "Haba angona, ni ce fa. Tun yanzu ka fara gudun cefane?" Ya ƙara volume kamar rediyo, mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce to a ɗauke su haka mana. Gwaggo ta ce, "Ke raba ni. Bawan Allah yana bakin daga, ya zaro hoto ya ga wannan fuskar tawa, ai sai ya yar da bindiga."

Ana ta wasa, ni kuwa idona yana ƙasa. Hasken da ya shigo ta ƙofa yana ja da baya kaɗan kaɗan. Daga zaure ina jin Yaya yana gyaran murya irin ta mai cewa a yi sauri. In rana ta hau tsaka ɗakin zai yi duhu, mu koma hannu rabbana, sojan nan ya tafi bai ga ɗansa ba.

Na roƙi matan su ɗan ba mu wuri. Gwaggo ta miƙo min jaririn suka fita, na zauna kusa da mai jego, na ce, "Ƙanwata, ba kya so mijinki ya gan shi?"

Idonta ya ciko. Ta ce, "Ina so mana, Yaya. Amma hoto yawo yake yi. Yau yana hannunsa, gobe yana hannun mahaifiyarsa. Da wane ido zan dube ta?"

Ta ja mayafi ta lulluɓe har kanta, ta karɓe shi tana ba shi nono. Nan take ya yi tsit. Ina zaune ina kallonsu, sai na ga ai ba a ganin kowa, tulin zane ne kawai da ƙafar jariri a waje. Na miƙe zumbur har kyamara ta buge min haɓa.

"Gwaggo! Gwaggo, kawo atamfa babba!"

Da na yi bayani Gwaggo ta tafa hannu ta yi guɗa. Ta buɗe akwati ta zaro sabuwar atamfarta da ko ɗinki ba a yi ba. Muka zaunar da mai jego a bakin ƙofa, muka rufe ta ruf daga kai har ƙafa, muka ɗora shi a cinyarta. Daga ciki ta ce, "Gwaggo, anya?" Gwaggo ta ce, "Yi shiru. Ke yanzu kujera ce. Kin taɓa ganin kujera tana jin kunya?"

Na ɗaga ɗan hannunsa na saki, ya faɗi laƙwas. Na durƙusa. Sai na hango hannunta ya leƙo daga ƙarƙashin atamfa ya tallafi kansa, da jan lalle da zoben azurfa. Na tashi na rufe. Na koma na durƙusa, ya sake fitowa. Na miƙa hannu zan sake rufewa, sai na ji murya can ƙasa ƙasa, yadda Gwaggo ba za ta ji ba.

"Yaya, bar shi."

Na riƙe numfashi, na danna. Na yi ta dannawa har abin ya ƙi motsi.

Kwanakin da fim ya yi a Kano ban ci abincin kirki ba. Na tabbatar wa kaina na yanke masa kai. Ranar da aka kawo, tun daga bakin layi nake jin hon ɗin babur ɗin Yaya. Ya zube min su a tabarma. Ga azarar ɗaki. Ga ƙafar Gwaggo. Ga babban yatsana ya rufe rabin duniya. Sai ga guda ɗaya, tas! Haske a kumatunsa, bakinsa a ɗan buɗe, ga hannun nan a ƙarƙashin kansa. Na yi ihu har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. A ranar ɗan saƙon ya karɓa ya kama hanya.

Allah ya dawo da sojan lafiya, yaron har ya fara tafiya. Ya gaya wa Yaya cewa abokansa sun yi ta tsokanarsa, wai an aiko masa da ɗa an manta da uwar. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya mayar aljihu, don ya ce hannun ya fara gani kafin fuskar yaron.

Daga nan na zama mai shiga ɗakunan jego, daga Sundimina har Maruta. Abin da na koya shi ne, jariri ba a ba shi umarni, jiransa ake yi. Uwar kuma a saurare ta, ta fi ka sanin abin da take so a gani.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon zance. Hoton da ke wajen sojan gumi ya cinye shi tuntuni, fim ɗin ma ya ɓata da Yaya ya tashi daga shagon. Nawa kaɗai ya rage, kuma damina ta sa ya manne da gilashin firam. Yaron nan ya girma, matarsa ta haihu, kuma uwarsa da kanta ta aiko tana son a nuna masa. Na ɗan taɓa gefe ɗaya, na ga launin yana bin gilashin, na janye hannuna. Don Allah wanda ya san yadda ake raba su, ko ya san mai gyaran tsohon hoto a Birnin Kudu, Gwaram ko Dutse, ya gaya min. Amma a gaya min abin da aka gwada aka gani, don guda ɗaya ne.