Wace Maganar Yaya Sabo Zan Bi?

Shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Sabo makwancinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a, in ci gaba da sabgogina. Bana abin ya zo mini daban, domin sakamakon jarrabawar autarsa Bilkisu ya fito, kuma dangi sun rabu biyu a kan abin da mutumin da ba ya nan zai ce.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin lissafi a wata sakandare a nan Dutse. A zamaninsa, idan sakamako ya fito ba ya zama a ofis karɓar barka. Babur yake hawa, yau Taura gobe Aujara, yana bin gidajen ɗaliban da suka samu gurbi a jami'a amma iyaye suka ce wurin ya yi nisa. Zai zauna a zaure tun hantsi, a kawo fura ya sha, a kawo tuwo ya ci, ba zai tashi ba sai maigida ya amince. Wasu sun gamsu ne, wasu kuwa don dai su rabu da shi. Muna yi masa tsiya cewa ko mai neman aure bai kai shi naci ba. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Alhaji, ilimi ba ya sallama a ƙofar gida, bin sa ake yi."

Yanzu sakamako a waya yake zuwa, yaro ya gani kafin malaminsa. Makarantar kuma ta koyi buga ƙaton kyalle ta rataye a bakin ƙofa, da hotunan waɗanda suka yi fice da sunayen jami'o'in da suka ɗauke su. Na tsaya a gaban na bana ina tunanin ko Yaya zai so shi. Wani zubin in ce zai tambayi ina sauran yaran da babu hotonsu. Wani zubin in tuna shi ma fa yana son a yaba. Hoton Bilkisu ne a sama. Ta samu karatun harhaɗa magunguna, abin da take so tun tana ƙarama, a wata jami'a can kudu, tafiyar yini guda cur a mota.

Mahaifiyarta, Hajiya Rabi, ta ce sam. Ta ce a ciwon ajalinsa ya gaya mata, "Auta kam kada ki bari ta yi nisa da ke." Tana so a sauya wa yarinyar zuwa wata jami'a ta kusa, ko da fannin ba shi take so ba. Ban ƙaryata ta ba, kuma ba zan iya ba, don ni ma da kunnena na taɓa jin irinta. Wata rana Bilkisu tana ƙarama, tana zaune a cinyarsa, ya dube ni ya ce wannan ko Kano ba za ta ba. Muka yi dariya, na ce ashe wanzami ba ya son jarfa. Shi ma ya yi dariyar. Har yau ban san ko wasa yake yi ba.

Sai ga tsofaffin ɗalibansa sun ji labari. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Aujara, wadda Yaya ya yi sawu ya fi a ƙirga kafin ubanta ya sake ta, ta zo har gida ta same ni. Ta ce, "Baba, in aka hana 'yar Malam tafiya, da wane ido za mu dubi iyayenmu?" Ita ma ban iya ƙaryata ta ba.

To ni ne baffa, maganar a wuyana take, kuma lokacin sauya jami'a ya kusa rufewa. Gaba kura, baya sayaki. Idan na leƙa gidan Yaya da ke unguwar Limawa, zuciyata takan karye. Yayyen Bilkisu maza duk sun watse, wannan Kano wancan Abuja, kuma Yaya ne da kansa ya tura su. Saura Hajiya da ciwon ƙafarta, da yarinyar da ke ɗora mata ruwan zafi da safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila a gadon asibiti ya hango kaɗaicin da zai bar mata, ya ji tsoro. Wataƙila kuma zafin ciwo ne ya yi magana. Wane Yaya Sabon ne na gaskiya, na kan babur ko na kan gado? Na yi istihara, na tambayi manya, kowa ya ba ni amsa da bakin mamacin.

Wadda ban tambaya ba ita ce mai abin. Shekaranjiya ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta gaishe ni, sai ta ƙi tashi. Na ce mata, "Bilkisu, wallahi ban san abin da babanki zai ce ba."

Kanta a sunkuye ta ce, "Baffa, da a ce ni 'yar wani ce, me zai ce?"

Wannan kam na san amsarta, duk Dutse ma an sani. Abin da ya rage mana na Yaya ke nan. Wasiyyarsa muna ta jayayya a kanta, amma aikinsa yana yawo da ƙafafunsa a asibitoci da azuzuwa, babu mai musu. Ya nema wa 'ya'yan mutane abin da wataƙila shi kansa bai da ƙarfin zuciyar bai wa tasa.

Na ce mata ta haɗa takardunta, kada ta sauya komai. Ban sani ba ko cika masa aiki na yi, ko saɓa masa wasiyya. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya gafarta mini. Gobe da hantsi zan je Limawa in gaya wa Hajiya Rabi, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.