Hulunan Baba Idi Suna Kan Mutane

Da yawanmu mun ɗauka tallafin kawo masu fasaha makaranta na masu zane ne kawai. Ashe har ɗinkin hula ana karɓa.

Na garzaya unguwar Glenwood wajen Baba Idi mai ɗinkin hula, don yaran ajinmu na Asabar sun matsu su koya. Ana son hotunan aikinsa kafin Litinin, in ba haka ba mun rasa tallafin.

"Baba, ina hulunan?"

"Malam, wa ke ajiye hula? Suna kan mutane."

Ran Juma'a na tsaya ƙofar masallaci ina leƙen kawunan dattawa, har wani Alhaji ya ce, "Lafiya, ɗan nan?" Ban gane ɗinkin Baba ko a hula ɗaya ba.

Jama'ar Greensboro, wanda hularsa ɗinkin Baba ce, ya cire ya ɗauki hotonta ya saka mana a ƙarƙashin wannan rubutu.