Dangwalin Da Na Kafa a Kwari

Ni dai wawa ne, kuma irin mai bakin nan. Karatuna bai wuce Ƙulhuwallahu da ƙannenta ba, amma da na iso Makka a ƙafa ta Sudan, zamanin yaƙin Turawa, sai na ɗauka duk Hijaz babu wanda ya san saniya kamata.

A garken wani mai sayar da madara na samu aiki, can bayan unguwar Ka'akiyya. Da safe tatsa, sai kwashe kashi, sai jiran raƙuma su kawo barsim, ciyawar da shanun ke ci, tunda ƙasar duwatsu ce zalla. Ruwa kuwa a gwangwani, a kafaɗata. Mu biyu ne, ni da wani tsohon Balarabe ɗan ƙauye mai ido ɗaya. Da na cika shekara uku maigida ya ba ni 'yar maraƙa ja. Ita ce dabbar farko da na taɓa cewa tawa. Matata har ƙwaryar tatsa ta saya ta rataye, tana jira ta girma.

Tsohon sakin maruƙa yake yi suna gararamba. Na ce a garinmu ba a haka. Na tufka dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a ɗaure, na kafa shi cikin wani busasshen kwari mai inuwar ƙaya da yashi mai sanyi. Ƙullina kuwa har alfahari nake da shi.

Tsohon ya kira ni da sunan da suke kiran mu baƙaƙen fata, ya ce, "Ya Takruni, fitar da su. Nan hanyar ruwa ce."

Na ce, "Wane ruwa, ya baffa? Da mataccen idon ka hango shi?"

A garinmu sai hadari ya haɗu a kanka kake gudu. Ban san a nan ana yin ruwa a kan duwatsun da ba ka ko gani, ya biyo ka inda kake ba.

Ran nan bayan azahar ne, ga rana, sama fes. Na ji ƙugi kamar an koro raƙuma ɗari. Manyan shanun da ke sake suka haye tudu da kansu, ba wanda ya ce musu kanzil. Na diro kwarin ba ko wuƙa. Igiya ta sha ruwa, ƙulli ya ƙi yatsa, ya ƙi haƙori. Ina riƙe da kunnen jar, ruwa a ƙirjina, tsohon ya finciko ni ta wuyan riga.

Maigida bai kore ni ba, bai kuma sake ba ni ko kaza ba. Ƙwaryar, matata ta mayar da ita ta wanke shinkafa.

Washegari muka tono dangwalin daga laka, maruƙa tara a jere, tawa ce ta huɗu. Tsohon ya tsugunna, ya taɓa ƙullin da yatsa, ya dube ni da idonsa mai rai.

Ya ce, "Masha Allah, ya Takruni, ka iya ɗauri. Ko ɗaya bai kuɓuce maka ba."