Awon Ɗan Fari

In na taso daga makarantar da nake koyarwa a Bodinga, na yi sallar la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu. In ɗauko tsinken saƙa biyu da dunƙulen zaren ulu, in maƙala abin sauraro a kunne. Daga nan kuma sai a neme ni a rasa, ko da ana ganina zaune.

Akwai wani shiri da nake bi a waya, irin wanda ake kira fodkas, na wata dattijuwa a can ƙasar sanyi wadda ba ta da zance sai na saƙa. Turancinta a hankali yake fita, kamar na mai lallashin jariri. Takan yi maganar tumakinta, da ruwan da ke kwana yana zuba a garinsu, wani lokaci ma ta yi shiru sai ƙarar tsinkenta kawai nake ji, ƙas-ƙas, yana amsa nawa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, don haka ni na yi mata fuska. Na ɗaura mata kallabi, na zaunar da ita kan kujerar tsakar gida, har goro na sa mata a baki. Iska na kawo warin albasa daga rumbun maƙwabta, ni kuwa ina can cikin duwatsu masu ciyawa ina bin tumakin da ba nawa ba.

Maƙwabciyata in ta leƙo ta katanga ba ta rasa abin faɗa.

"Malama, cikin zahin ga na Sakkwato kika saƙa ulu? Wa za ki dahwawa?"

Sai in yi dariya in ci gaba. Huluna da safar jarirai nake yi, in an yi haihuwa in kai barka. Ban taɓa saƙa wa babban mutum komai ba, sai shekarar da aka tura ɗana na fari bautar ƙasa a Filato.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. Kunya ce, haka muka taras, kuma ban taɓa jin ina son in zama ta farkon karya ta ba. Ana yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi zuwa Shagari, can ya girma. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ƙannena ke kirana. In ya zo gaishe ni ya durƙusa daga bakin ƙofa, nakan amsa ina kallon ƙasa. Wallahi na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa. Iyakar abin da nake iya yi shi ne in tsamo tsoka mafi girma in binne masa a ƙarƙashin tuwo.

Da na ji an ce Filato sanyi gare ta har da damina, sai zuciyata ta ƙi zama. Ina son yaron nan ya tafi da wani abu da ya fito daga hannuna, abin da zai rufe masa ƙirji a inda ba ni nan. Na sayo zare kore mai duhu, launin ganyen albasa.

A cikin shirin, dattijuwar ta sha nanata cewa kafin a fara rigar sanyi a tsayar da mai ita a auna shi, kafaɗa da ƙirji da hannu. Ranar da ta sake faɗa, a fili na ba ta amsa.

"Baiwar Allah, ke ba ki san inda kike magana ba."

Ina ni ina ɗora hannu a kafaɗarsa? Sai na tuna da wata rigarsa da ya taɓa mantawa a gidan, tana ninke a ƙasan akwatina. Na shimfiɗa ta, na auna da taƙi, na fara.

Ban taɓa jin daɗin saƙa irin na wannan bazarar ba. Zaren na bi ta tsakanin yatsuna, muryar na zuba a kunnena, sai Filato da ƙasar dattijuwar suka haɗe mini suka zama wuri ɗaya, tunda duk ban taɓa zuwa ba. Nakan hango shi yana saukowa daga kan dutse da sassafe, raɓa ta jiƙa masa bakin wando, ga koren riga a jikinsa. A can cikin tunanin ina kallon fuskarsa yadda nake so, ba wanda zai ce mini ba ni da kunya. Har hira mukan yi. Sai kiran magariba ya dawo da ni, in ga hannun riga ya ƙaru ban san lokacin ba.

Na gama ana ruwan shuka. Ranar da zai yi sallama da Inna na shiga bas zuwa Shagari, rigar na cikin leda a kan cinyata, gero ya fara tsirowa hagu da dama. Na tarar da su a rumfar Inna. Na tura ledar kusa da ƙafarta. Ta buɗe, ta shafa, ta kalle ni ta wutsiyar ido, sannan ta juya ga jikanta da wasan da suka saba.

"Mai gidana, tashi ka gwada. Ga wata riga nan iska ya kawo."

Ya sa kai ya shiga da ƙyar. Hannuwan suka tsaya can sama da wuyan hannu, kafaɗa ta ɗame, cikinsa a waje. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe rigar da na auna ta zamanin yana sakandare ce. Yaro ya zama namiji a gabana, ni ina ta kallon takalmi.

"Ta yi kyau hakanan, Adda," in ji shi, yana jan bakin rigar ƙasa. "Ni da ita za ni tahi."

Nan ne na ji hawaye na neman kunyata ni. Na ce a ba ni ita in warware, zan sake, in aika masa. Inna ta share ido da gefen zane.

"Ki sake da wane awo? Wata tsohuwar riga za ki biɗo?"

Na ce ko ita ta auna mini shi.

"Ni? Idona sun mutu, hannuna na rawa. Wadda tas saƙa ita ka awo." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Bari in kore awakin ga, sun shiga min dawa."

Babu akuya ko ɗaya a tsakar gidan. Ta fita ta bar mu.

Can ya cire rigar ya ninke, ya zo ya durƙusa a gabana, ya ba ni baya, ya sunkuyar da kai. Ya raga mini, don kada mu haɗa ido.

Na ɗora babban yatsa a kan kafaɗarsa na fara taƙi. Jikinsa da ɗumi. Da na iso tsakiya sai na ga 'yar tawadar Allah a bayan wuyansa, ƙasa da gashi kaɗan. Rabona da ita tun ina yi masa wanka a kwano kafin yaye. Tana nan inda na bar ta.

Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawon baya. Awon ya zauna mini a kai daram. Sai na koma kafaɗar na sake farawa.

Daga bayan zana muryar Inna ta taso.

"Ke, awon nan bai ƙare ba?"

"Da saura kaɗan, Inna," na ce.