Kibiyar da Ke Rawa a Shagon Kawu

Kawuna, ƙanen Umma, mai buga takardu ne a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Da tafireta ya fara, a gindin bishiya, tun ban zo duniya ba. Wata rana ya je salla ya dawo ya tarar an yi gaba da ita, tebur kawai aka bar masa. Tun daga ranar ya daina yarda da ɗan Adam. Biron shagonsa a ɗaure yake da zare, almakashi ma haka. Abin da ba ya ɗauruwa kuwa, a aljihunsa yake yini. In yana tafe za ka ji shi kacau-kacau kamar mai tallan makullai.

Ni an kai ni wurinsa ne bayan makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Na taɓa kanikanci, na taɓa ɗinki, ko'ina ban yi ɗumin kujera ba. Umma ta ce masa, "Wannan ne na ƙarshe. In ya dawo mini, gona zan tura shi wurin baffansa." Kawu ya ba ni makullin shago, amma sai da na ɗan ja kafin ya saki.

Ana nan sai kibiyar kwamfuta ta fara rawa. Kawu yana buga wa wata malamar makaranta tambayoyin jarrabawa, hannunsa ko kusa da maus bai je ba, sai kibiya ta zabura ta haye sama, ta gangaro, ta tsaya tana karkarwa.

"Kai, me ka taɓa?"

"Kawu, ina bakin ƙofa fa."

"Jiya nake nufi."

Na ce ƙila datti ne. Muka kifa maus ɗin, na hure shi, na goge da bakin rigata. Muka canja masa rami. Muka sa littafi a ƙarƙashinsa. Kibiya ta ce ba ta san zancen ba. Kawu ya fara zargin mai aski, wai injin askinsa ne ke jan wuta, har suka daina gaisawa. Ya koma kan mutumin da ya sayar masa da maus ɗin. Da ya gama zagaye unguwa da zargi, sai ya dawo gida, wato kaina.

"Na lura da wani abu," in ji shi. "In ba ka nan, lafiya lau take."

"To ƙila kewata take yi, in na zo ta yi murna."

Bai yi dariya ba. Ya ce in fita. Na fita na tsaya wajen mai gyaran takalmi. Can ya kira ni, na shigo na zauna, na fara ɗan fito. Kibiya ta tashi. Ya sake kora ta, ta kwanta. Na dawo, ta tashi. Wallahi ni kaina sai da na zaro wayata na duba ta da kyau, ko tana wani abu a bayan idona.

"'Yan damfara ka haɗa ni da su," Kawu ya ce, ƙafarsa ta dama tana ta kaɗawa, yadda take yi duk lokacin da ransa ya ɓaci. "Suna can suna karanta jarrabawar baiwar Allah. Kawo makullina. Da yamma zan je in ga Yaya."

Na ji ƙamshin gona a hancina. Na ce, "Haba Kawu, ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba?"

"Za ka koya."

Na miƙa masa makullin. Ya tura hannu aljihun wando zai ajiye, aljihu ya ƙi karɓa don cika. Ya fara fito da kaya yana zubewa a tebur: abin huda takarda, hatimi, batura. Sai ga wani maus baƙi, marar waya, jar wutarsa tana ƙiftawa. Yana ɗora shi a tebur, kibiya ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak.



Tsohon maus ɗinsa ne. Ya daina aiki da shi saboda, a cewarsa, abin da ba shi da wutsiya ba a barin sa a tebur. Ya sayi mai waya, ya jefa wancan a aljihu, amma ɗan ƙarfen da ke haɗa shi da kwamfuta yana nan a soke ta baya. In Kawu ya kaɗa ƙafa, maus ya goga da yadi, kibiya ta yi rawa. Kuma ba mai sa shi kaɗa ƙafa a duniya kamar ni.

Na ce, "Kawu, in kira mai aski ya ga ɗan damfarar?"

Ya juya maus ɗin, ya daɗe yana kallon madannin da ke ƙasansa. Sannan ya ɗago.

"Wa ya kunna shi?"

"A aljihunka fa yake kwana!"

"Ina cire wando in zan yi wanka."

Duk da haka ya turo mini makullin da yatsa ɗaya, bai dube ni ba. Washegari ya ɗaura wa makullin zare mai kauri, ya ce in rataya a wuya inda zai riƙa gani. Mai aski kuwa har yau ba a wanke shi ba. Kawu ya ce ana kan bincike.